Ƙwayar ciwon haƙori da ruwan fayar da ya ja baya: nazarin wani ciki mai mako 31

Matar tana da shekara 31, wannan ne cikinta na uku, kuma 'ya'yanta biyu na farko suna raye. Ta zo awo a mako na 31 tana cewa cikin ya tsaya, ba ya ƙaruwa kamar yadda ta saba gani, motsin yaron ma ya canza: ba ya juyi sosai, sai ɗan zunguri nan da can. Ungozoma ta auna tsayin cikin daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa ta sami santimita 27, alhali a wannan lokacin abin da ake sa ran gani yana kusa da 31. Jininta 118 bisa 74, fitsarinta babu furotin, babu zazzaɓi, babu zubar jini, kuma ta ce ba ta ga ruwa ya zubo mata ba.

Akwai abu guda mai nauyi a tarihinta. A cikinta na biyu ta yi hawan jinin ciki mai tafe da furotin a fitsari, irin wanda kan kai ga jijjiga, har aka ciro mata yaron a mako na 35. Saboda haka aka ɗora ta a kan ƙaramin asfirin, miligiram 75 kullum, tun mako na 12 na wannan cikin, kuma ba ta fashi.

Hoton ciki ya nuna ruwan faya ya yi ƙaranci. Aljihun ruwa mafi zurfi da aka samu santimita 1.6 ne, kuma duk abin da ya gaza santimita 2 ana ɗaukarsa ƙarancin ruwa. Idan aka ga haka, abubuwa uku ne suke fara zuwa zuciyar likita: ko faya ta tsage ruwan yana yoyo ba a lura ba, ko mabiyiya ta gaza ciyar da yaron, ko ƙodar yaron tana da tawaya tun halitta. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Duban bakin mahaifa bai nuna yoyo ba. Girman yaron ya yi daidai da makonninsa, gudun jini a igiyar cibiya lafiya lau, don haka mabiyiya tana aikinta. Ƙodoji biyu suna nan da sura mai kyau, kamar yadda aka gan su a hoton mako na 20. Mafitsarar yaron ce kaɗai ta ba da alama: ƙarama ce, kuma aka jira tsawon lokaci ba ta cika ba. Wato ƙoda lafiyayya ce amma ba ta fitsari yadda ya kamata.

Aka tambaye ta maganin da take sha. Ta ce asfirin, da maganin ƙarin jini, da farasitamol saboda haƙori. Na ce mata, "Malama, ko kwalin yana tare da ke?" Ta ce, "Yana jaka, Likita, ai ban rabu da shi ba kusan mako uku ke nan." Kwalin ya nuna kowace ƙwaya tana ɗauke da farasitamol miligiram 325 haɗe da ibufurofin miligiram 400. Tana shan ɗaya sau uku a rana, wani daren har huɗu idan turmin haƙorin ya hana ta barci. Ba ta ɓoye komai ba, iyakar abin da ta sani ta faɗa. An ce mata ba a cire wa mai ciki haƙori, sai ta yi haƙuri da ƙwaya har ta haihu.

Da jin haka aka nemi hoton zuciyar yaron. Akwai wata gajeriyar jijiya a ƙirjin ɗan tayi da ake kira daktus, wadda take ɗauke jini daga babbar jijiyar huhu ta zuba shi kai tsaye cikin babbar jijiyar jiki, tunda huhu bai fara aiki ba. A wannan yaron daktus ta tsuke. Jini yana ratsa ta da gudun santimita 170 a daƙiƙa lokacin bugun zuciya, sama da 140 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, ɗakin dama na zuciya ya ɗan buɗe, ƙofar da ke samansa kuma tana mayar da jini baya kaɗan. Ba a ga ruwa ya taru a jikin yaron ba, wanda ya nuna zuciyar tana jurewa tukuna.

Abin da ƙwayar ta toshe

Ibufurofin da 'yan uwansa, irin su dikilofenak, nafurokzin da indometasin, aikinsu ɗaya ne: suna hana jiki ƙera wani sinadari mai suna furostagilandin. John Vane ne ya nuna haka game da asfirin a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1982 tare da Sune Bergström da Bengt Samuelsson. Ga mai ciwon haƙori wannan rahama ce, domin furostagilandin ne yake sa jijiyoyin wurin da ya kumbura su riƙa jin zafi fiye da kima. Amma ƙwayar ba ta san haƙori ba. Tana shiga jini, ta ratsa mabiyiya cikin sauƙi, ta isa duk inda ake ƙera wannan sinadari, kuma a jikin mai ciki wuraren suna da yawa.

Ba a ajiye furostagilandin a jiki. Ana yin sa ne nan take, a inda ake bukatarsa, ya yi aiki a kan ƙwayoyin halittar da ke maƙwabtaka, a rushe shi cikin ƙanƙanin lokaci. Tushensa wani kitse ne da ke cikin fatar ƙwayar halitta, asid arakidonik. Wani inzayim, wato sinadarin jiki mai juya wani abu ya zama wani, yakan ɓanɓaro shi, sannan inzayim na biyu, COX, ya juya shi zuwa wani abu na tsaka-tsaki da ake kira PGH2. Daga nan kowane nama ya ƙarasa shi zuwa irin nasa furostagilandin, kamar PGE2, PGF2α da furostasaikilin. COX iri biyu ne. COX-1 kusan kullum yana nan yana aikin yau da gobe. COX-2, wanda aka gano a farkon shekarun 1990, shi ake kunnawa idan akwai kumburi ko wani kira na musamman, kuma shi ne yake hauhawa idan naƙuda ta gabato.

Yadda aka raba aikin a cikin mahaifa abin tsayawa a duba ne da kyau. Fayar da ta lulluɓe yaro fata biyu ce manne da juna. Ta ciki, amniyon, wadda take taɓa ruwan, ita ce babbar mai samar da PGE2. Ta waje, koriyon, cike take da wani inzayim mai suna PGDH wanda aikinsa rushe furostagilandin. Bayan koriyon akwai shimfiɗar mahaifa ta uwa, wadda take yin PGF2α, mai sa tsoka ta murɗa da ƙarfi. Sai ita kanta tsokar mahaifar, wadda a tsawon ciki ta fi yin furostasaikilin, sinadarin da ke buɗe jijiyoyin jini. Koriyon a nan kamar mai gadin ƙofa take: abin da amniyon ta ƙera ba ya wucewa ya isa tsokar mahaifa da bakinta sai kaɗan, muddin mai gadin yana farke. Sinadarin furojestaron, wanda mabiyiya take fitarwa da yawa, yana taimakawa wajen riƙe PGDH da ƙarfinsa. Da wannan tsarin ne mahaifa take ɗauke da yaro wata tara, tana ta buɗewa, ba ta tunkuɗo shi ba.

Ita mabiyiya kuwa tana da nata. Tana zuba PGE2 cikin jinin yaro, kuma wannan ne babban abin da ke riƙe daktus a buɗe, tare da ƙarancin iskar oksijin a jinin ɗan tayi. Huhu ne wurin da aka fi rushe furostagilandin a jiki, amma ɗan tayi jini kaɗan ne yake bi ta huhunsa, don haka PGE2 yake daɗewa yana yawo. Da an haihu an yanke cibiya, tushen ya tafi, huhu ya buɗe ya fara share abin da ya rage, oksijin ya hau, daktus ta tsuke da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku. Likitocin jarirai suna juya wannan yadda suke so. Tun 1976 ake ba bakwaini indometasin don rufe daktus da ta ƙi rufewa, kuma ana ɗura wa jariri mai wata tawayar zuciya wani furostagilandin mai suna PGE1 don a hana ta rufewa kafin a yi masa aiki. Abin da ya faru da yaron matar nan shi ne an ba shi, ta hanyar uwarsa, maganin rufe daktus wata biyu kafin lokaci.

Idan daktus ta tsuke a ciki, ɗakin dama na zuciya, wanda shi ne ya fi aiki a ɗan tayi, zai riƙa turo jini a kan ƙofa mai ƙunci. Jinin da ya rasa hanya sai ya danna cikin jijiyoyin huhu, bangonsu ya yi kauri. Irin wannan yaro ana iya haifarsa da hawan jinin huhu, ya kasa samun iska ko da huhun nasa ya nuna. Kuma daktus tana ƙara jin maganin gwargwadon tsufan ciki: kafin mako na 27 tsukewar ba ta cika faruwa ba, daga wajen mako na 30 zuwa 32 haɗarin yana tashi sosai.

Batun ruwa kuma daga ƙoda yake. Bayan mako na 20, yawancin ruwan faya fitsarin yaro ne. Yana fitsari, yana haɗiya, ruwan yana sabuntuwa. Ƙodar ɗan tayi ta dogara da furostagilandin don jijiyoyinta su kasance a buɗe, kuma shi ne yake rage ƙarfin sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. Idan aka toshe shi, jinin da ke shiga ƙoda ya ragu, fitsari ya ragu, ruwan faya ya ja baya. Wannan ne dalilin da ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba na 2020 cewa a guji waɗannan magungunan daga mako na 20 na ciki, bayan daɗaɗɗen gargaɗin da ya shafi mako na 30 zuwa sama saboda daktus. Gargaɗin ya ce ƙarancin ruwan yakan bayyana bayan kwanaki ko makonni ana sha, wani lokacin ma bayan awa 48 kacal, kuma galibi yana komawa daidai idan an daina. Ya kuma ware ƙaramin asfirin da likita ya rubuta daga cikin hanin.

Takaddamar asfirin

Wannan warewar ce ta zama abin da muka fi daɗewa a kansa. Da mijinta ya ji bayani, sai ya ce a zubar da duka, har da asfirin, tunda an ce dangi ɗaya ne. Maganarsa da hujja, domin asfirin ma COX yake toshewa. Wani abokin aiki ma ya karkata ga a dakatar da shi har daktus ta warware.

Bambancin yana cikin yawa da kuma inda maganin yake aiki. A jijiyoyin uwa da mabiyiya akwai furostagilandin biyu masu jan igiya: turomboksen, wanda ƙwayoyin daskarar da jini suke yi, yana tsuke jijiya yana haɗa gudaji, da furostasaikilin, wanda bangon jijiya yake yi, yana buɗe ta. A ciki lafiyayye furostasaikilin yana ƙaruwa. A mai hawan jinin ciki an ga mabiyiya tana yin turomboksen da yawa, furostasaikilin kaɗan. Asfirin yana kashe COX-1 har abada a duk ƙwayar da ya taɓa. Ƙwayar daskarar da jini ba ta da cibiyar da za ta ƙera sabo, don haka ta rasa turomboksen har ƙarshen rayuwarta, kwana bakwai zuwa goma. Bangon jijiya kuwa yana ƙera sabon inzayim ya ci gaba. Ƙaramin asfirin yana gama yawancin aikinsa a kan waɗannan ƙwayoyin tun a jinin da ke tafiya daga hanji zuwa hanta, kaɗan ne yake tsallakewa da ƙarfinsa. Shi ya sa yake gyara ma'aunin ba tare da ya busar da furostagilandin na yaro ba. Wani gwajin asfirin mai suna ASPRE da aka wallafa a 2017, wanda ya yi amfani da miligiram 150, ya nuna hawan jinin ciki mai sa a haihu kafin mako na 37 ya ragu da kashi 62 cikin ɗari a matan da ke cikin haɗari.

Akwai kuma wani abu da ya dame ni fiye da yadda ya dami sauran. Ibufurofin yana zama a kan wurin da asfirin yake bukatar ya kama a jikin COX-1. Idan mace ta sha ibufurofin kafin asfirin, asfirin yakan zo ya tarar an tare wurin, ya wuce, daga baya ibufurofin ya saki. Ke nan a makonnin nan uku ƙwayar haƙorin tana iya rage kariyar da muke zaton muna ba ta. Mun ci gaba da ba ta asfirin, muka ƙara yawan awon jininta.

Abin da aka yi

An dakatar da ƙwayar nan take, an kwantar da ita, ana sauraren bugun zuciyar yaro sau biyu a rana. An ba ta farasitamol zalla, likitan haƙori kuma ya cire turmin da allurar kashe zafi ta wuri ɗaya, wadda ba ta da illa ga ciki. Da an yi wannan tun farko da ba a zo nan ba, kuma ina ganin a nan ne gyara ya fi sauƙi: ruɓaɓɓen haƙori ba ya jiran haihuwa, kuma babu dalilin barin mai ciki da shi.

An tattauna ko a ciro yaron. A mako na 31, da zuciyar da ke jurewa da kuma sanadin da aka riga aka cire, haɗarin bakwaini ya fi haɗarin jira. An dai tsayar da sharaɗi: idan daktus ta rufe gaba ɗaya, ko ruwa ya fara taruwa a jikin yaron, ko bugun zuciya ya lalace, za a sake shawara a ranar. Allurar nunar da huhu an tanade ta amma ba a yi ba, domin amfaninta ya fi yawa idan haihuwa za ta zo cikin mako guda, kuma ba haka muke nufi ba.

Bayan awa 48 gudun jini a daktus ya sauko ƙasa da iyaka, mafitsara ta fara cika tana zubarwa. Bayan mako guda aljihun ruwa ya kai santimita 3.4, mayar da jinin da ƙofar zuciya take yi ya ɓace. Aka sallame ta da hoton ciki duk mako, daga baya duk mako biyu. Ba kowa ne yake samun wannan sauƙin ba. Idan aka daɗe ana sha, ƙodar yaro tana iya lalacewa ta yadda ba ta dawowa, kuma akwai jariran da aka rasa ta wannan hanya.

Naƙuda ta zo mata da kanta a mako na 39. Abin da ke faruwa a waɗannan makonnin na ƙarshe shi ne tsarin da ya riƙe cikin yana juyewa. Sinadarin kotisol da jikin yaro yake fitarwa yana hauhawa, kuma a faya yana yin akasin abin da aka san shi da shi a sauran jiki, inda yake danne furostagilandin: yana kunna COX-2 a amniyon, yana rage PGDH a koriyon. Mabiyiya tana ƙara fitar da sinadarin CRH, wanda shi ma yake ingiza ƙera furostagilandin. Miƙewar mahaifa da dannawar kan yaro suna ƙarawa. PGE2 ya isa bakin mahaifa ya sassauta zarurrukan da suka ɗaure shi har ya yi laushi ya gajarce, PGF2α kuma ya sa tsoka ta murɗa, ya ƙara mata jin oksitosin, sinadarin da ke ingiza naƙuda. Graham Liggins ya bi wannan sarƙar a tumaki a shekarun 1960 da farkon 1970, ya nuna ɗan tayi ne da kansa yake fara kiran. A mutum labarin ya fi sarƙaƙiya, domin furojestaron ba ya faɗuwa a jinin mace kafin naƙuda kamar yadda yake yi a tunkiya, amma matakin ƙarshe ɗaya ne. Ƙwayoyin cuta da suka hau ta bakin mahaifa suna iya kunna wannan hanyar tun lokaci bai yi ba, kuma wannan na cikin manyan dalilan haihuwar bakwaini. Lokacin da ungozoma ta zagaya yatsa ta raba faya da bangon mahaifa don taso da naƙuda, furostagilandin take sakin. Sultan Karim ne ya fara taso da naƙuda da PGF2α a Jami'ar Makerere da ke Kamfala a 1968, kuma misofurostol da ake amfani da shi yau wajen taso da naƙuda da tsayar da zubar jini bayan haihuwa daga wannan dangin yake.

Ta haifi namiji mai kilo 3.1, ya yi kuka nan take. Saboda tarihin daktus an auna iskar jininsa a hannun dama da ƙafa, an yi hoton zuciya a rana ta biyu, an kuma duba aikin ƙodarsa. Babu hawan jinin huhu, bangon ɗakin dama ya ɗan yi kauri, irin wanda ke sauka da kansa cikin watanni, aka ba shi ranar dawowa. Jininta bai hau ba har ta haihu.

Kwana biyu da haihuwa ciwon mara ya matsa mata, musamman lokacin shayarwa, abin da ya fi tsanani ga wadda ta haihu sau da yawa. Da aka kawo mata ibufurofin ta ƙi karɓa, ta ce, "Likita, ba wannan ne ya kusa kashe min ɗa ba?" Sai da aka zauna aka yi mata bayani: mabiyiya ta fita, ƙodar jaririn tana samun jini ta hanyarta, abin da ke shiga nono daga wannan maganin ɗan mitsitsi ne, jininta da ƙodarta lafiya suke, kuma ciwon da take ji yanzu furostagilandin yana da hannu a cikinsa. Ta karɓa na kwana uku. A katinta an rubuta sunayen magungunan dangin ibufurofin guda huɗu da manyan baƙaƙe, da bayanin cewa idan ta sake samun ciki za a fara mata asfirin daga mako na 12, kuma duk kwalin maganin ciwon da za ta sha ta kawo shi awo a karanta abin da ke cikinsa.